Masu Ƙirgar Motoci a Ƙofar Gaba

Ribas ake ce masa a wurin aiki, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Nuna masa rata tsakanin mota biyu wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga, zai ɗora hannu ɗaya a sitiyari ya zura mota da baya, ko madubi ba zai goga ba. Shekara shida ke nan yana aiki a masana'antar motoci masu lantarki. Sabuwar mota ta sauko daga layin haɗa motoci, ya shiga, ya fita da ita ta ƙofar gaba, ya kai ta filin lodi da ke bayan gada, ya miƙa makulli, ya hau bas ɗin kamfani ya dawo ya ɗauki wata. A gida kuwa babu mai ce masa Ribas. Auta ne, duk da furfurar da ta fara cin gemunsa.

A tsallaken ƙofar gaban akwai wasu bayin Allah da direbobi suka raɗa wa suna masu ƙirga. Tun safe za su zo da kujerun naɗewa da laima, su saita wayoyinsu, duk motar da ta fito su ɗauke ta a bidiyo. Da yamma su watsa wa duniya cewa yau kaza suka fita, jiya kaza. Masu hannun jarin kamfanin, na kusa da na nesa, da wannan ƙirgar suke kwana suke tashi. In adadi ya ƙaru a ce riba na tafe, farashi ya hau. In ya ragu kowa ya kama ciwon ciki. Direbobi dariya suke musu. Ribas har hannu yake ɗaga musu kamar ango.

To, bakinsa ne ya jawo komai, wannan ko shi bai taɓa musu ba.

Yayarsa ta yi shekara talatin da uku tana karɓar haihuwa a asibiti. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta biya masa kuɗin koyon tuƙi, kuma har yau in ya yi tari a gabanta sai ta taɓa goshinsa. Da ta yi ritaya aka ba ta garatuti, kuɗin sallama, burinta ɗaya ne tak, ta sayi ɗan gidan da take haya shekara goma sha tara, mai ɗaki biyu da falo da bishiyar lemo da ta dasa da hannunta a bayan kicin. Mai gidan ya yarda zai sayar mata, amma kuɗin bai kai ba, saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce ya ba ta shekara guda, in ta cika shi ke nan, in ba ta cika ba akwai mai so.

Ranar da ta gaya wa Auta wannan suna zaune a falo suna shan shayi. Sai ta ce, “Wai Auta, motocin nan naku da gaske ake sayensu, ko surutun waya ne?”

“Saye? Yaya, wawaso ake yi! Ni kaɗai talatin nake fitarwa a rana. Wallahi ƙafata har kumbura take.”

Ƙafarsa ba ta taɓa kumbura ba, daɗin baki ne kawai ya kwashe shi. Amma talatin ɗin gaskiya ce. Sati bai zagayo ba Yaya ta zuba garatutinta kaf a hannun jarin kamfanin. Ba ta tsaya nan ba, ta shiga guruf ɗin tsofaffin abokan aikinta ta ba su labari. Su arba'in da wani abu, yawancinsu suka bi ta. Duk wadda ta nuna shakka, amsar Yaya ɗaya ce: “Ƙanena yana ciki. Da idonsa yake gani.”

Wata uku na farko abin kamar mafarki. Farashi ya hau, ya hau, har saura ƙiris kuɗin gida ya cika. Yaya ta koyi wani sabon yare. Matar da ba ta san giya daga birki ba, sai ga ta tana bayanin ribar kowace mota da tsadar batir, da ƙaramar mota mai araha da ake ta raɗe-raɗin kamfanin zai fitar don talaka. Auta ya ce ta sayar haka nan ta nemi cikon a wani wuri. Ta ce, “Kai dai ka yi tuƙinka. Sati biyu kawai.” A cikin sati biyun nan ne farashi ya juya, ya kama gangara a hankali kamar tayar da ƙusa ta huda.

A cikin wata na huɗu Ribas ya ɓatar da tabaraunsa na karatu, mai ƙafa ɗaya ɗaure da jan zare, ɗaurin 'yarsa. Ya duba bas, ya duba kantin cin abinci, ya zargi kowa har da matarsa, ya haƙura ya sayi wani.

Wata shida bayan haka, wata safiya, aka ba shi wata farar mota fes, ledar kujera ko yagewa ba ta yi ba. Ya zura hannu ƙasa zai ja kujerar baya, sai yatsunsa suka taɓa wani abu. Ya jawo. Tabarau ne, da jan zare a ƙafa.

Ya daɗe yana juya shi a hannu kamar bai san mene ne ba. Motar da ya fitar wata shida da suka wuce, wadda ya ɗauka tuni tana ƙofar wani mai rabo, me take yi a bakin layi tana jiran a fitar da ita a matsayin sabuwa?

A bas ɗin dawowa ya zauna kusa da Tsoho, direban da ya fi kowa daɗewa, ya nuna masa a ɓoye. Tsoho ya kalli tabarau, ya kalli taga.

“Mayar da shi aljihu,” ya ce. “Kai yanzu ka waye? Ai na zaci ka fi haka wayo.”

Ba a yi kwana uku ba Manaja ya kira shi ofis. Ya yaba tuƙinsa, ya ce an ƙara masa matsayi da albashi, ya tura masa takarda. Takardar ta ce duk abin da ya gani a sabon wurin aikinsa, in ya faɗa wa wani, ko matarsa ce, kora ce da kotu. Yara huɗu ne a gidansa. Ya sa sabon tabarau, ya sa hannu.

Sabon wurin wani tsohon filin jirgi ne da aka daina amfani da shi, an kewaye shi da kwano. Da aka buɗe ƙofa Ribas ya ce, “Inna lillahi!” da ƙarfi, bai san ya faɗa ba. Motoci ne iya ganinka, layi bayan layi, farare da baƙaƙe da jajaye, ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu, tsuntsaye sun yi musu ado. Aikinsa shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan matsar da su don kada taya ta kwanta, a sa wa masu mataccen batir caji. Kullum da hantsi a zaɓi wasu a wanke, a ɗora a rufaffiyar tirela, a shigar da su masana'anta ta ƙofar baya, su sake fita ta gaba don masu ƙirga su samu abin ƙirgawa.

Da Yaya ta ji an ƙara masa matsayi sai da ta yi guɗa a waya. Ta ce kamfanin da ke ƙara wa direbobi albashi ai ba ya cikin wahala. Ta sanar a guruf.

Sati bakwai yana ɗauke da maganar nan a ciki. Ya je ƙofar gidanta sau biyu ya juya. Abinci ya daina masa daɗi, ya koma faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsoro yake ji, tsoron takarda da tsoron idon Yaya, kuma ya san tsoro ne, bai yi wa kansa ƙaryar cewa dabara ba ce. Sai da ya rage kwana goma sha biyu wa'adin mai gida ya cika, wata Lahadi da la'asar, ya shiga.

Tana guga a falo, waya jingine da kwalbar ruwa, wani mutum a ciki yana zana layuka yana rantsuwa cewa ranar Alhamis, in aka buɗe sabuwar mota, farashi zai ninka.

“Yaya, ki sayar.”

“Ikon Allah. Ko gaisuwa babu?”

Ya ajiye tsohon tabaraun a kan teburin guga. Ya gaya mata komai, filin jirgi, ciyawa, rufaffiyar tirela, ƙofar baya. Ba ta katse shi ba. Ta kashe wayar, ta tsayar da dutsen guga a gindinsa.

“Tun yaushe ka sani?”

“Sati bakwai.”

“Sati bakwai.” Ta zauna a hannun kujera. “Auta, da ka zo sati bakwai da suka wuce, da na tsira da fiye da rabi. Da na je na durƙusa wa mai gida, ko ɗaki ɗaya ya yanka mini. Yau in na sayar, kicin ɗin nan ma ba zan iya saya ba.”

“Ki yafe mini, Yaya. Takarda suka sa na...”

“Na san takarda. Na san yara huɗu. Ni na karɓi haihuwarsu.” Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta kalli tabaraun. Sannan ta ce, “Wa ka gaya wa bayan ni?”

“Babu kowa.”

“To kar ka gaya wa kowa.”

Ya ɗago. “Matan guruf ɗinku fa? Ko su su tsira da abin da ya rage.”

“In na faɗa wa mace arba'in, kafin magariba duniya ta ji. In duniya ta ji, babu Alhamis, babu komai, takarda ce kawai za ta rage a hannunmu. Ka bar shi ya kai Alhamis. In farashi ya ɗaga ko yaya ne, na fita, sannan na gaya musu.”

“Yaya, ƙawayenki ne.”

“Ka ga na ce ba ƙawayena ba ne?” Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu da sauri kamar mai korar ƙuda. “Shekara talatin da uku ban taɓa yi wa mace ƙarya a kan gadon haihuwa ba. In ɗa ya mutu a ciki, na faɗa. Yanzu dubi abin da na zama a kan ɗaki biyu da bishiyar lemo. Tashi ka tafi, Auta, kaina ke ciwo.”

Ranar Alhamis da rana aka tara ma'aikata a kantin cin abinci, aka kunna babban allo. Kiɗa, hayaƙi, fitilu. Shugaban kamfanin ya fito yana tafa wa kansa, aka yaye ƙyalle. Motar da suka sani ce, an canza mata fitilun gaba, an sa mata hannun ƙofa mai ɓuya a jiki. Ƙaramar mota mai araha kuwa, in ji shi, tana nan tafe baɗi.

“Kai!” in ji Tsoho. “Wannan ai ta layi na tara ce aka sa wa kwalli.”

Wasu suka yi dariya. Ribas bai yi ba. Kafin a tashi aiki kowa ya ga abin da farashi ya yi a wayarsa, faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun kafa kamfanin. Ya kira Yaya sau biyar ba ta ɗauka ba. Ranar Asabar ya bi ta gidan, ya tarar ba ta nan, amma ta tagar falo ya hango kwalaye a jere, an cire labule, an sauke hoton mahaifiyarsu daga bango.

Ranar Litinin Manaja ya ce kowane direba ya koma ƙofar gaba, a ninka abin da ke fita, duniya na kallo. Aka miƙa wa Ribas makulli. Farar nan ce, ya gane ta da ɗan tabon da ke jikin sitiyari. Ya ja kujera baya, ya bi layi.

Masu ƙirga sun ragu, ba su fi shida ba. A ƙarshensu akwai wata mata a kan kujerar kicin, babu laima, ta riƙe waya da hannu biyu. Sai da ya zo daf ya yarda da idonsa. Gilashin motar a sauke yake, ya ji muryarta sarai, irin muryar da take lallashin mai naƙuda da ita.

“Ga su nan suna ta fita, 'yan uwa. Kar wadda ta sayar, a yi haƙuri, zai dawo. Ga ƙanena ma. Da idonsa yake gani.”

Ta juyo da wayar kansa. Suka haɗa ido. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma sauke wayar ba, sai ta ɗan yi masa alama da haɓa, irin ta wuce mana, kana tare hanya. Na bayansa ya danna hon. Ribas ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, ya wuce.

Da azahar tirela ta dawo da farar motar ta ƙofar baya, aka goge ta, aka sake ba shi makullin. Yaya tana nan inda ya bar ta, rana ta dawo kanta. Ta sake ƙirga shi.