An Gyara Sau Shida

A ofishin ƙungiyar manoman rani da ke bayan injin casar shinkafa a Kura, mutum uku ne ke kula da manhajar rabon ruwa, amma in ka ji hayaniya ka rantse su goma ne. Aikin manhajar ɗaya ne tak: ƙarfe sha biyun rana ta karanta wani fayil, ta tura wa manoma tes cewa ranar kaza za a sakar wa layinsu ruwan kanal. Shi ke nan fa. Amma Musaddiƙ da Jamaluddeen in suna maganarta, sai ka ce jirgin sama suke tuƙawa.

Duk rigimarsu a kan edita ce, wato abin da masu rubuta manhaja ke buɗe fayil da shi su yi rubutu. Musaddiƙ ɗan editan Vim ne. Ya cire maus ɗinsa ya jefa a durowa, wai taɓa maus zubar da girma ne. Jamaluddeen ɗan Emacs ne, yatsunsa kullum a murɗe suna danna maɓalli uku lokaci guda, yana kuma alfahari da ciwon da wuyan hannunsa ke yi. Tun safe suke caccakar juna, wannan ya ce editan wancan sai ka yi istihara kafin ka fita daga cikinsa, wancan ya ce na wannan ya fi buhun albasa nauyi. Abu ɗaya ke haɗa kansu, raina Rumaisa.

Ita ce ta ukun, kuma ita ta rubuta fiye da rabin manhajar, da editan VS Code, da maus ɗinta ja mai tsagaggen gefe. Hajiya Danna-Danna suke ce mata. Ita kuwa wani irin kallo take musu, na ƙatti biyu da suka girma suka ƙi barin wasan ƙasa. Ko baƙin allon kwamfutar nan nasu ba ta iya ɗora wa ido, haushi yake ba ta.

Abin da ya dame ta yana gida, a Bunkure. Mahaifinta Malam Badaruddeen yana da makarantar Islamiyya, yana kuma da gona can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a makare. Shekara biyu tana lallaɓa shi kafin ya yarda a saka lambarsa. Bana ya yarda. Ya daina tattakin zuwa bakin kanal, har a masallaci yana cewa, "Tes ɗin Rumaisa bai taɓa saɓawa ba." A ƙauyen ma sunan da ake kiran abin ke nan. Ba wanda ya san wani Musaddiƙ. Ran Lahadi ya dasa tumatur ɗinsa, ya dogara da ruwan Alhamis.

Litinin da hantsi sai ga Dattijo mai buɗe ƙofar ruwa a kan babur. Ya ce za a yi gyaran kanal, don haka ruwan layin su Malam an dawo da shi gobe Talata, daga safe zuwa azahar. Daga nan a rufe, sai bayan kwana goma.

Kalma ɗaya za a canza a fayil, Alhamis ta koma Talata. Rumaisa ta kai hannu kan maus.

"Tsaya, tsaya, Hajiya," in ji Musaddiƙ, don ya hango shugaban ƙungiya Alhaji Maikuɗi yana shigowa. "Alhaji, zauna ka ga aiki. Yau za a raba gardama. Wanda ya gyara da dannawa mafi ƙaranci, editansa ne sarki."

"Ni zan gyara, minti ɗaya ne," ta ce.

"Bar su mu gani mana, 'yata," Alhaji ya ce yana gyara zama, shi da ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ya miƙa mata wasu takardu. "Kai wa sakatare wannan a Kadawa, yana jira."

Mtsw. Ta ja gyale ta fita ta tari adaidaita. Tana jin Alhaji daga baya yana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, kamar mai sa ido a awon shinkafa.

Ga yadda aka yi bayan fitarta, daga baya ta ji. Musaddiƙ ya rufe ido, wai don a san hannunsa ya haddace, ya gyara da dannawa sha huɗu. Sai ya fita bai adana ba, domin fayil ɗin ya koma yadda yake, Jamaluddeen ya gwada nasa. Ka'idar gasarsu ke nan kullum, kowa ya bar wa abokin karawa fili yadda ya same shi. Jamaluddeen ya yi da sha biyar, ya ce yatsansa ne ya zame, ya mayar da Alhamis wurinta a sake. Aka sake. Aka kuma sakewa. Alhaji na tafi, Dattijo na dariya bai san abin da ake yi ba.

Sha biyu saura kwata ta dawo, ta same su suna shan lemo.

"An gyara?"

"Gyara?" Musaddiƙ ya dubi Jamaluddeen suka kwashe da dariya. "Sau shida ma."

Da ta buɗe fayil ɗin da ta gani. Amma buɗewa na nufin ta zagaya ta tsaya kusa da su ta saurari labarin nasara, ita kuwa ranta ya riga ya ɓaci. Ta zauna ta ci gaba da aikinta. Sha biyu ta buga, saƙo ya tafi. Lambarta ba ta cikin jerin, ita ba manomiya ba ce. Da ta koma gida Malam ya tafi ta'aziyya Dawakin Kudu, ba su haɗu ba, ita kuma hankalinta kwance tes ya isar da magana.

Talata da la'asar tana dawowa ta ga kanal ɗin layinsu a jiƙe, gonakin bakin hanya sun sha ruwa har sun yi duhu. Masu gona kusa sun ga ruwa da idonsu sun ruga. Ta ji daɗi. Ta shiga zaure ta sami Malam ya sallami ɗalibai, rigarsa fes, ba ko ɗigon taɓo a ƙafarsa.

"Baba, an samu ruwa ya isa ƙarshe kuwa?"

"Wane ruwa? Ai sai jibi."

Ya zaro wayarsa ya miƙa mata. Alhamis.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gona. Kanal a rufe, ko injin ban-ruwa ka samo ba abin da zai ja. Kafin Asabar dashen ya kwanta, ran Litinin ya ƙone ƙurmus.

A ofis kuwa sabuwar gardama ta tashi. Musaddiƙ ya ce na ƙarshe shi ke adanawa, kuma Jamaluddeen ne na ƙarshe. Jamaluddeen ya ce a'a, wanda ya ci gasa shi ke adanawa. Daga nan suka zarce kan wane edita ne ya fi gargaɗin mutum in zai fita bai adana ba. Kwana uku suna wannan, wallahi, ba wanda ya tambayi gonar wa ta ƙone.

Da Talata ta zagayo, Rumaisa ta shigo da wata 'yar leda. Ta zazzage busasshen dashen tumatur a kan kibod ɗin Musaddiƙ, ta raba rabi ta kai kan na Jamaluddeen. Ƙasa ta shige tsakanin maɓallai.

"Haba Hajiya, kin san kibod ɗin nan kuwa?" in ji Musaddiƙ.

Da safiyar nan, tana ɗaura takalmi, Malam ya dawo daga bakin kanal, tattakin da ya daina tun bana ta kama. Ya tsaya a kanta ya ce a hankali, "Rumaisa, in kin je ki cire lambata. Ƙafata ba ta gaji ba tukuna."

Ta zauna ta buɗe jerin manoma. Ta ja maus ɗinta ja har kan sunan Malam Badaruddeen, ta goge layin. Sannan ta adana, ta rufe, ta sake buɗewa ta duba.