Naira Ashirin ta Malama Rahmat

Malama Rahmat tana koyar da tarihi a wata makarantar kuɗi a Azuba. Da ranar baje kolin makaranta ta gabato, sai ta ɗauko tsofaffin takardun kuɗin da mahaifinta, marigayi Ashafa mai sayar da doya, ya bari a adaka, ta jera su a allo cikin leda. A tsakiya ta sa naira ashirin ta 1977, wadda a lokacinta babu takardar da ta fi ta girma a ƙasar. A ƙarƙashinta ta rubuta cewa ita ce ta farko da ta ɗauki hoton wani fitaccen ɗan ƙasa, ta kuma ja kibiya zuwa rubutun ajamin da ke jikinta.

Kibiyar ce ta jawo magana. Shugaban makarantar ya kira ta ofis, ya ce wasu iyaye za su ɗauka addini take cusa wa yara, don haka ta liƙe wurin da takarda. Rahmat ta yi masa bayani cewa Hausa ce zalla, "naira ashirin" kawai aka rubuta, kuma babanta bai taɓa shiga aji ba, da wannan rubutun yake gane abin da aka miƙa masa a kasuwa. Shugaban ya ce bai musa ba, amma ta liƙe.

"Ba zan liƙe ba, Yallaɓai," in ji ta. "Haka aka buga ta, haka yara za su gan ta."

Ya hana ta wuri a zauren taro. Ranar bikin ta ɗauki allonta a ka, ta kafa shi a gindin mangwaro bakin ƙofa, inda kowa zai bi ya wuce. Ta tsaya a gefensa, ba ta matsa ba.

Wani dattijo Batibi mai suna Torkula, wanda ya kawo jikarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce rabonsa da irin wannan naira ashirin shekara arba'in, ranar da ya fara riƙe ta sai da ya kai ta gida aka taru ana juya ta. Ya zauna a benci yana ba yara labari, mutane suka yi cincirindo har aka jinkirta buɗe taro.

Ranar Litinin aka miƙa wa Rahmat takardar gargaɗi. Ta sa hannu ta karɓa, ta wuce aji ta ci gaba da darasin da ta tsaya.