Layar Wuyan Barira

Da hantsi Jibrin masunci ya fito daga kwalekwale da ɗiyarsa Barira a kafaɗa, jikinta zafi rau. Kwana uku ke nan ƙafar da ƙayar kifi ta soka tana ta kumbura. Shekararta shida, ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'ya uku.

A ɗakin shan magani na bakin tafki, can ƙasar Ngaski, Ishaya malamin asibiti ya latsa ƙafar, ya girgiza wata 'yar kwalba, ya zuƙe ruwanta cikin sirinji.

Nan take Jibrin ya tuna. Shekara biyu baya, da suka haura su har Gaya ta ƙasar Nijar, an yi wa yarinyar nan allura, nan take leɓunanta suka kumbura, numfashi ya sarƙe. Da ƙyar aka ceto ta. Likitan can ya rubuta takarda ya buga hatimi, ya ce kada ta rabu da jikinta. Innarta ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, aka rataya mata a wuya.

"Likita, dakata. Akwai allurar da ba a yi mata."

"Wacce?"

Bai san sunanta ba. Ya nuna wuyan yarinyar.

"Malam Jibrin, laya za ka nuna mini? Dubi mutane waje suna jira."

Jibrin ya sa wuƙa ya farke ɗinkin layar. Takardar ta sha gumi, ta yi ja. Ishaya ya juya ta gaba da baya.

"Faransanci ne, ni ban iya ba. Hatimin ma ba namu ba ne. Tun da aka yanke mana jihar Kabi, ko katin Sakkwato sai an sake shi, balle na Nijar. Kuma in ba a yi mata allura yau ba, ƙafar nan..."

Jibrin bai yarda ya bar ta kusa da sirinjin ba. Ya saɓe ta ya ruga bakin ruwa da takardar, neman mai karanta Faransanci, kanta na bugun kafaɗarsa, yana jin numfashinta a wuyansa yana roƙon Allah kada ya tsaya.

Can ya tarar da Yusha'u Bazabarme, mai gyaran injin jirgi. Masunta na tsokanarsa da Dakta Baƙin Mai, domin ya ce ya yi karatun jinya shekara uku a Yamai, amma takardarsa ba ta ci a nan ba. Jibrin ma ya sha yi masa dariya. Yau kuwa durƙusawa ya yi.

Yusha'u ya goge hannu a wando ya biyo shi. A bakin ƙofar ɗakin shan maganin ya karanta takardar, sannan ya dubi kwalbar da ke kan tebur.

"Malam, fenisilin ce aka hana ta. Ita ce wagga."

Ishaya ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai injin?"

"Ni ne."

"In na bi maganarka wani abu ya faru, wa za a kama? Takardarka ba a san ta ba, tata ma haka."

"Ba a san su ba. Amma jikinta ya san allurar."

Sirinjin na hannun Ishaya har yanzu, idon Jibrin bai bar kan tsinin ba.

"To ku can, me kuke ba irinta?"

Yusha'u ya faɗi sunan wani magani, da yadda ake auna shi ga yaro mai nauyinta. Ishaya ya ɗan ƙara kallonsa, sannan ya leƙa taga ya tsiyaye sirinjin a ƙasa. Ya buɗe kabad ya ɗauko wata kwalba dabam. Da ya gama da ita, ya jawo sabon kati mai sunan Kabi, ya rubuta gargaɗin da jan biro, ya buga nasa hatimin.

"Wannan kada ka ɗinke shi."

Jibrin ya karɓa da hannu biyu. Ya zauna kan benci da Barira a cinya, ya riƙe gefen rigar Yusha'u don kada ya tafi, yana kallon leɓunanta. Har aka kira azahar ba su kumbura ba.