Kwalbar Kakan Baba Wilf

Tun safe muke tonon rami, ni da Baba Wilf Ackroyd, a tsohon jujin bayan masaƙa. Ranar Litinin za a zuba wa filin siminti, shi ya sa muka fito duk da yayyafi.

Baba Wilf maƙwabcina ne. Ya tsufa yana tono kwalaben tangaran na lemon citta, irin na zamanin kakanni. Ɗakinsa cike yake da su, amma wadda yake nema bai taɓa samu ba: mai ɗauke da sunan kakansa, wanda ya taɓa dafa lemon a garin nan kafin ya karye.

Gwiwarsa ta hana shi sauka sosai. Ni ke haƙa, shi yana sama yana tankaɗe toka.

"A hankali, ɗan nan! Dankali kake tonowa?"

"Baba, hannuna ya mutu."

"Nawa ya riga naka, ban yi shela ba."

Da la'asar cebur ya taɓa wani abu. Na sa yatsu na zaro ta, na goge da hannun riga. Fara ce, wuyanta ruwan zuma, ko tsaga babu. Karatuna ba nisa, amma sunan da ke jikinta na san shi: na kakansa ne. Na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sai ya ajiye ta a kan ciyawa cikin sauran kayan da muka tono.

"Baba, ai taka ce. Sa a aljihu."

"Ba haka ake yi ba."

Dokar masu tono ce, shi ya koya mini. Duk abin da rami ya bayar a shimfiɗa shi, a jefa kwabo, wanda ya ci ya fara zaɓa. Kuma Baba Wilf ba ya karɓar kyauta, ko shayi sai ya rama.

Ya jefa. Ya zaɓi gefen da ke da kan Sarauniya, sai bayan kwabon ya fito. Ni na ci.

Na tsuguna gaban kayan. Ruwa na bin wuyana. Na ɗauki wani tulun man shanu mai fasasshen baki.

"Wannan nake so."

"Kai, raina ni kake yi? Wannan ko kare ba zai ci a ciki ba."

"Mamata na neman abin dasa albasa."

"Mamarka da ko ciyawa ba ta tsira a hannunta?"

"Na riga na zaɓa, Baba. Kai ka ce ba a sakewa."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki kwalbar, ya cusa ta cikin kwat.

"Sakarai," ya ce a hankali.

Na ɗauka zai yi murna. Zama kawai ya yi a kan bokiti, hannunsa dafe da ƙirji inda kwalbar take, idonsa a lumshe. Na bar shi ya huta. Ramin yana nan baki buɗe, kuma ba a tafiya a bar shi haka. Na ja cebur na fara mayar da toka.