Kofin Ranar Baƙi

Manaja ya tara kofin gilashi a bakin famfo, ya ɗaga shi sama don baƙi su ga yadda ruwan ya fito garau, sannan ya miƙa wa Rariya. Ya shanye tas yana murmushi, aka tafa.

Rariya shi ne mai kula da tankunan tace ruwa na kamfanin jima. Ruwan wankin fatu yakan shiga baƙi ƙirin, ya ratsa tsakuwa da yashi, a sake aiki da shi, ragowar a sakar wa masu lambu. Aikinsa canza yashin, amma rabon da a canza shi har ya manta, don duk tifar yashin da aka kawo sai ta zarce gidan da manaja yake ginawa. Ruwan dai yana fita da haske, sai ɗacin da ke kwana a maƙogwaro. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Rariya, wai shi ne tankin ƙarshe. Har da shi ake dariyar, ga 'ya'ya huɗu a gida.

*

Ƙafafu ne suka fara kumbura, sannan fuska. Likita ya ce ƙoda ce, ya tambaye shi abin da yake sha. Ya ce ruwa. Kamfani ya sallame shi da godiya da buhun shinkafa, da alkawarin ba za a manta da gidansa ba.

Ba a manta ɗin ba. Wata rana da yamma ƙanensa, wanda ya daɗe yana yawon neman aiki ga mata da goyo, ya shigo sanye da sabuwar rigar kamfani, niƙi-niƙi da cefanen gida biyu da ledar magani.

"Yaya, gurbinka suka ba ni. Wai aikin ba wuya, kofi ɗaya ne in an yi baƙi."

Rariya ya dubi rigar. Ya yunƙura zai ce wa ƙanen ya tuɓe ta yanzu. Sai ya hangi matarsa ta tsuguna tana hura wutar da ta kwana biyu ba a hura ba, yaran nan huɗu sun kewaye ta. Kunya ta kama shi tun kafin ya buɗe baki.

"Ka riƙa cin abinci tukuna," in ji shi, yana kallon bango. "Kar ka sha da cikinka ba komai."