Kunnen Magagi

Bayan farin da aka yi zamanin soja, iri kaɗan ya rage wa Albarka da mijinta Magagi a Filinge. Magagi ba ya binne gero a busasshiyar ƙasa sai ya ji agwagin daji kirinjijiya sun wuce arewa da dare suna fito, don ruwa suke bi. Bana kuwa zazzaɓi ya tafi da jinsa.

Wasu tsuntsaye suka ratsa cikin duhu. Albarka ta girgiza shi, ta matso da fitila bakinta, ta kwaikwayi kukansu, ko ya gane in kirinjijiya ne.

"Sake," in ji shi.

Ta yi ta sakewa har bakinta ya bushe, sannan ta nuna masa ƙwaryar irin.

Ya daɗe yana dubanta. "Albarka, ni dai leɓɓanki kawai nika gani."