Ƙumar da Ta Rage

"Riƙe masa haɓa, Malam. Kunne na masu laifi ne."

Ina durƙushe a bakin famfo, wandona a jiƙe har gwiwa, ina rungume da tsohon kare cikin baho. Baba mai aski yana zaune a ƙofar ɗakinsa, lulluɓe da bargo duk da ranar da ake ƙwallawa, yana ba ni umarni da yatsa ɗaya.

"Fara da wuya. Ka yi masa zobe da kumfa kamar kwalar riga. In ka fara da gadon baya, duk sai su gudu su shige kunne da ido."

Na yi yadda ya ce. Karen, wanda Baba ke kira Sufeto saboda yadda yake shinshina duk wanda ya shigo gidan, ya lumshe ido ya saki jiki. Ƙuma ta fara fitowa cikin kumfar, ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa barkono.

Shekara tara muna haya a gida ɗaya da Baba, ƙofarsa tana kallon tawa. Da hannunsa ya fara rawa sai ya rufe shago, ya dawo da kujerar askin da babban madubin cikin ɗakinsa, ya zauna da Sufeto da wata farar kyanwa mai suna Gimbiya. Kullum a tsaftace suke, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi wata biyu. A cikin wata biyun nan ƙuma ta samu gari.

Matata ce ta fara gani. Ta ɗaga ƙafar 'yarmu ta nuna mini jajayen ƙuraje a jere. "Ka je ka yi masa magana, ko ni in je." Na sayi gwangwanin maganin feshi na tafi da shi a hannu.

Baba ya kalli gwangwanin ya daɗe. "Ka fesa wannan, ni zan riga ƙumar faɗuwa," ya ce, yana dafa ƙirji. "Na taɓa yin wata kyanwa kafin wannan. Mai gida ya sa aka yi feshi, ta bi ta lashe ƙafafunta. A cinyata ta ƙare. Zauna, Malam, in gaya maka abin da ke gabana."

Abin da ke gabansa shi ne 'yarsa. Ta yanke cewa ranar Asabar ta sama za ta zo ta ɗauke shi ya koma gidanta, kusa da asibiti. Mijinta ya yarda da tsoho, amma ya ce suna da jariri, dabba mai ƙuma ba za ta taka masa gida ba. In an same su fes, kyanwa ta zauna a ɗakin Baba, kare a filin bayan gidan. In ba haka ba, a ba wa duk mai so.

"Wa zai so kare ɗan shekara goma sha uku?" in ji Baba. "Ni kuwa na gaya mata, inda ba su je ba, ban je ba. Kwana goma sha biyu ke nan. Ina da ilimin, ba ni da hannun. Kai kana da hannu, kuma an yi hutun makaranta."

Haka na zama ɗan koyo ina da shekara arba'in.

Kowace safiya nakan fitar da bargunansu da tsummokaran kwanciyarsu, matata ta zuba musu tafasasshen ruwa tana ƙunƙuni, mu shanya a inda rana ta fi zafi. Na barbaɗa gishiri a kan dardumar ɗakin, washegari na share na zuba sharar cikin ruwan omo. Na bi tsagar siminti da tsinken tsintsiya, domin Baba ya ce wadda ke jikin dabba kaɗan ce, 'ya'yanta da ƙwayayenta suna ƙasa suna jiran lokaci. Na dafa ganyen darbejiya da ɓawon lemon tsami, ruwan ya huce, na shafa wa Sufeto.

"Wannan na Sufeto ne kaɗai," Baba ya gargaɗe ni. "Kada lemon tsami ya kusanci Gimbiya, jikin kyanwa ba ya ɗaukarsa. Ita sai mataji da haƙuri."

Matajin na ƙarfe ne, haƙoransa a matse, wanda ya yi shekaru yana taje gashin baki da shi. Da la'asar nakan zauna a ƙasa, farin tawul a cinyata, Gimbiya a kan tawul, kwanon ruwan sabulu a gefe. In na ja matajin sau ɗaya, sai in tsoma a ruwa.

"A hankali. Kana ja kamar mai share allo. Kwantar da matajin, ka bar gashin ya gaya maka inda ya nufa."

Ranar farko na ƙirga sittin da ɗaya a kwano. Rana ta biyar, goma sha huɗu.

Yammacin kwanakin nan ne na fi tunawa. Rana takan shigo ta taga ta daki madubin, hasken ya koma kan silin yana rawa kamar ruwa. Ɗakin yana warin ganye da sabulu. Gimbiya tana gurnani a cinyata har in ji shi cikin ƙashina. Baba yana kishingiɗe a kujerar aski, tsakanin barci da farke, maganarsa tana tafiya tana dawowa.

"Layi ya yi tsawo yau," ya ce wata rana, idonsa a kan madubin.

Na ɗaga kai. Ni da shi ne kawai a ciki, sai ƙofa a buɗe.

"Su waye, Baba?"

"Ga direban nan mai sanƙo, da yake biyan kuɗin aski don ya zo ya yi hira. Ga tela. Ga mutumin da na yanka wa kunne ranar da aka haifi Uwata, don murna." Uwata yake kiran 'yarsa, domin sunan mahaifiyarsa gare ta. Ya yi murmushi. "Duk sun riga ni tafiya, amma gashinsu bai daina tsiro ba. Ka ce su yi haƙuri, ina zuwa."

Na tsoma matajin a ruwa.

Matata ta daina ƙunƙuni a rana ta bakwai, lokacin da ƙurajen 'yarmu suka bushe. Ta shigo da shayi ta tsaya tana kallon Baba yana ƙoƙarin kai kofin bakinsa.

"Amarya," ya ce mata, don har yau bai canza mata suna ba, "mijin nan naki da ya zo hannuna yana yaro, da ya zama mutum."

"Ai yanzu ma ka gyara shi, Baba. Shekara tara ban taɓa ganinsa da tsintsiya ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta riƙe masa kofin, ta bar hannunta a bayansa har ya lafa.

Ranar Alhamis ya ce in hau kujera. Na ce hannunsa zai gaji. Ya ce shi bai taɓa barin mutum ya yi masa aiki ya tafi da ƙeya irin tawa ba. Ya tsaya a bayana, ya jingina cikinsa da kujerar, almakashi yana karkarwa a yatsunsa. Amma da ƙarfen ya taɓa gashina sai rawar ta tsaya. Na rufe ido. Ina jin numfashinsa a saman kaina, gajere, mai ƙara, da ƙas-ƙas ɗin almakashi a hankali. Ya yi gefen dama ya gama, ya ce ya zauna ya huta kaɗan. Bai tashi ya yi na hagu ba, ni ma ban tuna masa ba. Haka na yi ta yawo da rabin aski, matata tana kallona tana toshe baki.

Asabar da hantsi 'yarsa ta iso da mota. Doguwar mace ce mai saurin magana, mukulli a hannu, waya tana ta ƙara a jaka. Ta gaishe ni, ta dubi kaina, ta dubi mahaifinta, ta kawar da kai.

"Baba, ka san ba ni ba ce. Na yi alkawari zan duba da idona."

"Duba, Uwata. Malam, ba ta matajin."

Ta fara da Sufeto a tsakar gida: wuya, hammata, gindin wutsiya. Babu komai. Ta shigo ta zauna a ƙasa inda nake zama, ta shimfiɗa tawul, na ɗora mata Gimbiya. Ban nuna mata yadda ake riƙe matajin ba. Ta kwantar da shi daidai yadda Baba ya yi ta fama ya koya mini.

"Da shi nake taje miki kai bayan rasuwar mahaifiyarki," in ji Baba, ido a rufe. "Kina kuka kina cewa ni ban iya kitso ba."

"Ai ba ka iya ba. Kamar ɗan dambe nake zuwa makaranta."

Ta ja sau goma, sau ashirin. Wayarta ta yi ƙara, ba ta ɗauka ba. Can a bayan kunnen hagu sai na ga abin ya faɗo kan tawul, baƙi, ɗan mitsitsi, yana motsi. Ita ma ta gani. Muka haɗa ido. Ta ɗora yatsa a kansa, ta naɗe shi tsakanin faratanta biyu, ta matse.

"Fes take, Baba. Babu ko ɗaya."

"Na ji ƙas," ya ce, bai buɗe ido ba. "Shekara hamsin ina aski, kunnena bai mutu ba."

Ta shafa bayan kyanwar.

"Ita ce ta ƙarshe," ta ce. "Da su za mu tafi."

"To, alhamdulillahi. Ku kwashe kaya. Ni bari in ɗan zauna."

Muka shiga kai kaya mota. Akwati biyu, jakar magunguna, rediyo. Matata ta sa Gimbiya cikin kwando ta rufe da zane. 'Yarsa ta matsar da motar ƙarƙashin inuwa, ta kwantar da kujerar gaba, ta ɗora matashi. Ni na ɗauki Sufeto, don ƙafafunsa na baya ba sa iya hawa, na ajiye shi a kujerar baya na bar ƙofar a buɗe ya sha iska.

'Yarsa ta koma ɗauko Baba. Ina ɗaure but ɗin mota da igiya na ji ta ce "Baba," sannan ta sake cewa "Baba," da wata murya ƙarama wadda ban san tana da ita ba.

Yana nan yadda muka bar shi, kansa ya ɗan karkata, hannuwansa biyu a kan bargo, ba sa rawa. Matata ta fara salati a bakin ƙofa. 'Yarsa ta durƙusa ta kifa goshinta a gwiwarsa, ni kuma na tsaya riƙe da igiyar da ban san ban ajiye ba.

Gidan ya cika da mutane kafin azahar. Aka yi ta shiga da fita, ana buga waya, ana neman mijinta. Matata ta kai kwandon ɗakinmu ta saki Gimbiya. Sai da rana ta yi sanyi, aka ce a kawo jakar takardunsa daga mota, na fita waje.

Motar tana nan a inuwa, ƙofar baya a buɗe. Ganyaye sun zubo kan gilashin gaba. Sufeto bai sauka ba. Yana zaune inda na ajiye shi, ya miƙa wuya ya ɗora haɓarsa a kan matashin da ke kujerar gaba, yana kallon ƙofar gida.